Gurasa da Ruwa Kafin Wa'azi: Yadda Za Mu Tsaya da Wanda Duniya Ta Yi wa Ƙunci

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, Ayyukan Manzanni 16:25-34



Akwai maganar da muke jin nauyin yi a ikilisiya, ita ce maganar ɗan'uwan da ya kai ga cewa ya gaji da rayuwa. Mun iya ziyarar mai zazzaɓi, mun iya tara gudummawa idan an yi wa wani tiyata, mun iya waƙa a gidan makoki har gari ya waye. Amma idan ɗan zumunta ya ce mana da ma bai farka daga barci ba, sai mu rikice. Wani zai ce masa ya tsawata wa Shaiɗan, wani zai turo masa aya ta WhatsApp, wani kuma zai yi dariya ya ce, “Haba ɗan'uwa, daina irin wannan wasa.” Kowa ya watse, shi kuma ya koma ɗakinsa da abin da ke cinsa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Idan mutum ya shiga irin wannan hali, aikin farko da Allah ya ɗora mana shi ne mu tabbata ya kwana da rai, ya ci abinci, ya sami wanda zai saurare shi, ya kuma kai hannun wanda ya san aikin. Wa'azi da gargaɗi da horo suna da lokacinsu, amma lokacin yana zuwa ne a baya. Na san wasu za su ga kamar wannan raunin bangaskiya ne, shi ya sa zan fara da Littafi Mai Tsarki.

Abin da Allah ya yi da Iliya

Iliya ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel. Ba a jima ba saƙon Yezebel ya iso masa cewa za ta kashe shi, sai ya gudu. Ku lura da abin da ya yi da ya isa Biyer-sheba: ya bar baransa a can, ya nausa jeji shi kaɗai tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ga tsoro, ga gajiya, ga janye jiki daga mutane, ga ganin cewa duk wahalar da ya sha ta tashi a banza. Wanda ya taɓa zama da mutumin da ya fid da rai zai gane waɗannan alamu nan take.

To, me Allah ya yi? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa gurasa da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya sāke dawowa, ya sāke ba shi abinci. A gindin itacen nan ba a yi masa faɗa ba, ba a kuma tuna masa cewa annabi bai kamata ya yi irin wannan magana ba. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 ya kai Horeb, sannan Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Daga nan ne ya gyara masa tunaninsa na cewa shi kaɗai ya rage, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya kuma haɗa shi da Elisha.

Ku riƙe jerin nan: hutu da abinci, sauraro, gyaran tunani, aiki, aboki. Mu kuwa sau da yawa da na uku muke farawa, kuma a nan muke tsayawa.

Haka abin yake a kurkukun Filibi. Mai tsaron kurkuku ya farka tsakar dare, ya ga ƙofofi a buɗe, ya ɗauka 'yan sarƙa sun gudu, ya zare takobi zai hallaka kansa. Bulus ya ɗaga murya ya tsayar da shi, ya faɗa masa gaskiyar da bai sani ba, wato babu wanda ya gudu. Bayan takobi ya sauka ne mutumin ya yi tambaya a kan ceto, aka yi masa bishara, aka yi masa baftisma shi da iyalinsa a daren nan. Da Bulus ya ɓata minti biyu yana shirya wa'azi, da babu wanda zai yi wa wa'azin.

Mene ne wannan hali?

Masana aikin ba da shawara sun bambanta damuwar yau da kullum da halin da mutum ke shiga idan abu ya fi ƙarfinsa. Kowa yana da hanyoyin da ya saba bi idan ya shiga matsala: ya yi addu'a, ya kira aboki, ya yi barci, ya nemi rance, ya yi haƙuri. Ranar da abu ya faɗo wanda duk waɗannan hanyoyi suka kāsa, sai mutum ya shiga abin da Bahaushe ke kira halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Barci ya ƙaurace, abinci ya ƙi shiga, tunani ya cushe, ya zama ba ya ganin ƙofa sai ɗaya.

Binciken wannan fanni ya samo asali ne daga wani bala'i. A watan Nuwamba na 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, mutum 492 suka mutu. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Erich Lindemann, ya zauna da waɗanda suka tsira da waɗanda suka rasa 'yan'uwansu, a 1944 ya rubuta abin da ya gani: shaƙewar maƙogwaro, yawan ajiyar zuciya, rashin ƙarfin jiki, zargin kai, da fushi da mutanen da ba su yi laifin komai ba. Ya nuna cewa lafiyayyen mutum ma yakan shiga wannan idan babban rashi ya same shi. Ya kuma ce limaman coci suna da rawar takawa: su taimaki masu makoki, su kuma sa ido su gane wanda ya kamata a miƙa wa likita.

Abokin aikinsa Gerald Caplan ya ɗora a kan wannan a littafinsa na 1964. Ya lura cewa tsananin irin wannan hali ba ya daɗewa, yawanci mako huɗu zuwa shida ne. A cikin waɗannan makonni mutum zai sami wata mafita, mai kyau ko mummuna. Wani zai fito da ƙarfin da bai san yana da shi ba, wani zai faɗa shaye-shaye, wani zai rasa ransa. A wannan ɗan lokacin kuma mutum ya fi karɓar taimako, ta yadda ɗan ƙaramin ɗauki a kan kari zai yi aikin da dogon jinya ba zai yi daga baya ba.

Abin da zai jefa mutum cikin wannan hali ba sai ya zama babba a idon wasu ba. A cikinmu, ga wanda ya rubuta JAMB sau uku bai samu ba, ƙannensa sun shiga jami'a sun bar shi. Ga wanda ya zuba kuɗin makaranta a cacar ƙwallo ta waya. Ga wadda masu ba da bashi ta waya suka aika wa duk mutanen da ke cikin wayarta saƙo cewa ita ɓarauniya ce. Ga wadda ta gane tana da ciki, tana tunanin ranar da za a karanta sunanta a gaban jama'a. Ga wanda aka kai wa ƙauyensu hari da dare, ya tsira, amma duk ƙarar da ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ga wanda aka fansa daga hannun masu garkuwa da mutane, aka yi sujadar godiya, aka watse, shi kuwa har yau bai yi barcin kirki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba naka ba ne ka auna ko abin ya isa ya karya mutum. Idan ya karya shi, to, ya isa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Shekarun nan su ne shekarun 'yan zumuntarmu.

Abubuwan da ake faɗa, da amsata

Na farko, ana cewa addu'a ta isa. Ni fasto ne, na gaskata da ikon addu'a, kuma ba zan taɓa ce muku ku daina ba. Amma wanene a cikinmu zai ga an buge ɗan'uwa da babur, jini na zuba, ya tsaya addu'a kawai bai ɗaure raunin ba? A misalin da Yesu ya bayar a Luka 10, Basamariyen ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi, ya kuma ce zai dawo. Manzo Bulus ya yi tafiya da Luka, wanda likita ne, bai ga hakan a matsayin rashin bangaskiya ba. Ka yi addu'a kana tafiya asibiti. Allahn da ke amsa addu'a shi ne ya ba likita ilimi.

Na biyu, ana cewa aljanu ne. Ba na musun cewa akwai yaƙin ruhaniya, Littafi Mai Tsarki ya koyar da shi. Amma zazzaɓin da ya hau kai yana sa mutum sambatu. Farfaɗiya ciwo ce da ake shan magani a kanta. Akwai matar da takan rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta daina barci, ta riƙa jin muryoyi, kuma wannan ciwo ne da likitoci suka sani, suna kuma warkar da shi. Wanda ya saba da Tramadol ko kodin, idan ya daina farat ɗaya, jikinsa da tunaninsa sukan birkice. Idan muka kira duk waɗannan aljanu, muka kulle mutum a ɗakin addu'a da azumin dole, muna ƙara masa ciwo ne. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, kuma cikin wuraren da ta ambata har da gidajen addu'a na Kirista. Wannan abin kunya ne a gare mu. Mutumin da Yesu ya tarar a makabarta a Markus 5, mutanen garinsu ne suka riƙa ɗaure shi da sarƙa. Yesu ya bar shi a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa, ya kuma mai da shi gida wurin danginsa.

Na uku, ana cewa kashe kai zunubi ne, don haka dole a tsawata. Ikilisiya ta koyar tun da daɗewa cewa rai na Allah ne, ba mu da ikon ɗauke shi, ni ma a kan haka nake. Amma ka tambayi kanka abin da tsawa za ta yi wa mutumin da ya riga ya ɗauki kansa a matsayin kaya mai nauyi a wuyan kowa. Za ta ƙara masa hujja ne cewa ko Allah ma ya gaji da shi, gobe kuma ba zai sāke faɗa maka komai ba. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ɓata, har a ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su.

Na huɗu, ana cewa idan ka tambayi mutum ko yana tunanin kashe kansa, kai ne ka sa masa tunanin. An yi bincike a kan wannan sau da yawa, ba a kuwa sami haka ba. Wanda ba ya tunanin zai ce maka a'a. Wanda yake tunanin sau da yawa yakan ji sanyi cewa yau ga wanda bai ji tsoron maganar ba.

Na biyar, ana cewa wanda ya yi niyya babu mai hana shi. Wani masani mai suna Richard Seiden ya bi sawun mutum 515 da aka tare a gadar Golden Gate ta San Francisco lokacin da suka je da niyyar hallaka kansu. A sakamakon da ya buga a 1978, bayan shekaru masu yawa, fiye da kashi 90 cikin 100 suna raye ko kuma sun mutu ne ta hanyar ciwo ko tsufa. Guguwar takan wuce. Wanda aka riƙe a daren nan, galibi yakan rayu ya ga jikokinsa.

Abin da za ka yi

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙungiyoyin agaji suka fitar da jagora a kan agajin farko ga wanda hankalinsa ya tashi, suka taƙaita shi a kalmomi uku: duba, saurara, haɗa. Ba sai ka je kwalejin tauhidi ko makarantar likita kafin ka iya waɗannan ba.

Duba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗan mawaƙa da bai taɓa fashin koyon waƙa ba, yanzu mako uku ba a gan shi ba. Wadda ta fara raba kayanta masu daraja ba dalili. Wanda ke rubuta kalaman bankwana a Facebook, ko yake neman gafarar kowa da kowa. Wanda ke cewa za ku huta da shi kwanan nan. Wanda ya daɗe cikin baƙin ciki sai kwatsam ya yi wani irin natsuwa ba tare da matsalarsa ta warware ba. Wanda ya taɓa gwadawa a baya, shi ya fi kowa shiga haɗari. Idan ka ga irin waɗannan, kada ka jira ranar Lahadi. Ka je yau.

Saurara. Ka nemi wurin da babu idon jama'a, ka ajiye wayarka, ka zauna. Ka ce, “Ɗan'uwa, kwana biyu na ga ba ka yadda ka saba. Me ke faruwa?” Sai ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana, ko da zai yi kuka, ko da zai faɗi abin da ba ka so ka ji game da Allah. Zabura ta 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare da duhu, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai cire ta daga Littafi ba. Kada ka ce masa wasu sun fi shi wahala, kada ka ɗauko labarin taka matsalar, kada ka yi masa alkawarin cewa gobe komai zai daidaita, tun da ba ka san gobe ba.

Sannan ka yi tambayar kai tsaye, da murya a kwance: “'Yar'uwa, kina tunanin kashe kanki ne?” Idan ta ce e, kada ka firgita a gabanta. Ka gode mata da ta faɗa maka. Ka tambaya ko ta shirya yadda za ta yi, ko abin yana hannunta, ko ta sa lokaci. Idan akwai shiri kuma abin yana kusa, wannan gaggawa ce daidai da ta wanda maciji ya sara. Kada a bar ta ita kaɗai ko na minti biyar, ka kira babba nan take.

A nisanta ta da abin da za ta cuci kanta da shi. A gidajenmu maganin ƙwari da na feshin gona suna nan a ƙarƙashin gado ko a kan taga, kowa na iya kai hannu. A kwashe su a kai gidan maƙwabci, haka ma tarin ƙwayoyin magani da makami. Kada ku raina wannan. Ƙasar Sri Lanka ta taɓa kasancewa cikin ƙasashen da aka fi kashe kai a duniya. Da gwamnati ta hana shigo da magungunan feshi mafi guba, adadin ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1995 da 2015. Matsalolin mutane ba su ƙare ba, amma abin da ke kashe su cikin minti kaɗan na ɓacin rai ya bar hannunsu.

Idan kuwa mutum ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi, domin abin yana iya komawa huhunsa. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan da nan, a tafi da kwalbar abin da ya sha don likita ya gani. A Najeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112, amma idan akwai mota ko Keke a kusa, kada a tsaya jira.

Haɗa. Kai ba likita ba ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikinka shi ne ka zama gada. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano. Inda waɗannan suka yi nisa, a fara da babban asibitin da ke kusa. Kada ka ce masa kawai ya je. Ka raka shi, ka zauna a layi tare da shi, ka kira shi washegari, ka sāke kira bayan mako guda. Makonnin farko bayan an sallami mutum daga asibiti lokaci ne mai haɗari, a lokacin ne kuma 'yan ziyara sukan ɗauke ƙafa.

Idan hankalinsa ya ɗan kwanta, ku zauna ku rubuta a takarda: alamun da ke nuna masa cewa duhun yana dawowa, abin da zai yi da kansa don ya sami sauƙi, wuraren da zai je ya zauna cikin mutane, mutum biyu ko uku da zai kira ko da tsakar dare ne, asibitin da zai nufa, da abubuwan da za a kawar daga ɗakinsa. Masu aikin ba da shawara suna amfani da irin wannan takarda, domin a lokacin da tunani ya cushe mutum ba ya iya tsara komai, amma zai iya karanta abin da ya rubuta da hannunsa.

Maganar sirri

Sau da yawa zai ce, “Ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba.” Kada ka yi wannan alkawari. Ka ce masa, “Ba zan baza maganarka ba, amma ranka ya fi mini komai. Dole mu sami babba guda da zai taimake mu. Wa ka fi yarda da shi, Baba Fasto ko Mama, ko yayanka?” Ka ba shi dama ya zaɓa. Gara ya yi fushi da kai yana raye.

Amma a ɗaya gefen, mu ma mu ji tsoron Allah da bakinmu. Mun mai da roƙon addu'a hanyar gulma. Abin da 'yar'uwa ta faɗa cikin hawaye ranar Talata, kafin Alhamis ya zaga dandalin zumunta da sunan a tuna da ita cikin addu'a. Wanda ya ga an yi wa wani haka ba zai taɓa buɗe bakinsa ba. Waɗanda za su sani su ne waɗanda za su taimaka, su kaɗai.

Kira ga mu shugabanni

'Yan'uwana fastoci da dattawan ikilisiya, wannan sashe namu ne. Horon ikilisiya yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, manufarsa kuwa a maido da mai laifi. A 2 Korintiyawa 2 Bulus da kansa ya umarci ikilisiya ta gafarta wa wanda aka hora, ta ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Kafin mu karanta sunan yarinya a gaban jama'a, wa ya zauna da ita ya tambayi halin da take ciki? Wa ya bincika ko tilasta mata aka yi? Ina za ta kwana idan mahaifinta ya kore ta a daren nan? Kunya a bainar jama'a tana cikin abubuwan da ke tura matashi bakin rami. Idan yarinya tana cikin haɗari, horo ya jira.

A Ingila akwai wani fasto na Anglika mai suna Chad Varah. Jana'izar farko da ya yi a 1935 ta wata yarinya ce da ta kashe kanta saboda ta fara al'ada, ta ɗauka mummunar cuta ce ta kama ta, ba ta kuma da wanda za ta tambaya. Abin bai bar zuciyarsa ba. A 1953 ya sa lambar waya a cocinsa a Landan don duk wanda ya fid da rai ya kira. Mutane suka yi yawa, sai 'yan sa kai suka riƙa ba masu jira shayi suna hira da su. Varah ya lura cewa da yawa sukan tafi gida da sauƙi tun kafin layi ya kai kansu, domin an saurare su. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali, har yau kuma tana aiki dare da rana. Coci ne ya fara wannan, da wayar tarho ɗaya da mutanen da suka iya zama su saurara.

Akwai kuma batun doka. Shekaru da dama sashe na 231 na kundin hukunta laifuffuka na Arewacin Najeriya yana ɗauke da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Tsoron wannan da tsoron surutun mutane suna sa iyalai su ɓoye mara lafiya a gida. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. A farkon shekarar 2023 ne kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A ganina ikilisiya ya kamata ta kasance a sahun gaba wajen cewa wanda ya kai wannan matsayi gadon asibiti yake bukata da 'yan'uwa a gefensa.

Ga abin da nake roƙon kowace zumuntar matasa ta yi kafin ƙarshen wannan wata uku. A zaɓi mutum huɗu masu riƙon amana, maza biyu mata biyu, don 'yar'uwa ta sami mace da za ta yi wa magana. A gayyato nas ko likita daga cikin membobinmu ya koya musu abin da na zayyana a sama. A rubuta sunan asibiti mafi kusa da lambar mai mota da za a iya tasa da dare. A ware ɗan wani abu daga baikon zumunta don kuɗin mota da katin asibiti. Ranar 10 ga Satumba ita ce ranar hana kashe kai ta duniya, ranar 10 ga Oktoba kuma ta lafiyar ƙwaƙwalwa, ana iya sa wannan magana a tsarin sujadar makon. Su kuma waɗanda aka zaɓa a riƙa tambayar lafiyarsu, domin mai ɗaukar kayan wani shi ma wuyansa yakan gaji.

Gare ka, kai da kake cikin duhun

Wataƙila kana karanta wannan ba don wani ba, don kanka. Ka ji ni da kyau. Tunanin da ke zuwa maka bai mai da kai wanda Allah ya yashe ba. Iliya ya yi irin wannan roƙo, Musa ya yi a Littafin Ƙidaya 11, Yunana ma ya yi, Allah kuwa bai yar da ko ɗayansu ba. Ubangijinmu da kansa a Getsamani ya faɗa wa Bitrus da Yakubu da Yohanna irin nauyin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Idan Ɗan Allah ya nemi abokai a darensa mafi wuya, kai ma ba abin kunya ba ne ka nema.

Ba na ce ka warware dukan matsalarka yau ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka kwanta a daren nan, ka faɗa wa mutum ɗaya. Idan na farko bai gane ba, ka faɗa wa na biyu. Ka miƙa wa wani abin da ka ajiye. Ka ci ko ɗan abinci kaɗan ne, ka sha ruwa, ka kwana kusa da mutane. Da safe a raka ka asibiti.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka ciyar da bawanka a jeji sa'ad da ya gaji da ransa, ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda ke nishi a tsakiyarmu. Ka ba mu kunnen sauraro, da ƙarfin halin yin tambaya, da bakin da ke riƙe amana. Ka riƙe wanda ke bakin rami a daren nan har gari ya waye, ka kuma aiko masa da ɗayanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.